Sobolo ya kunyata ni: hoton amarya ya koɗe cikin sati uku

Hajara Aboabo: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Iyaye da yayye ku ba ni shawara, na jawo wa kaina magana. Watan jiya na ɗauki hoton wata amarya a unguwar Sawaba, nan Kumasi, ranar lalle. Na wanke shi baƙi da fari a takarda mai kauri marar sheƙi, girman na ratayewa a falo, sai zuciya ta ce in yi abin da ban taɓa yi wa kowa ba. Na dafa sobolo, wato zoɓo, ba sukari ba citta, na bar shi kan wuta har ya yi kauri, na bi mayafinta da shi da burushi. Wajen lallen hannu kuma na daka jan goro na tace na shafa. Ranar da na kai, uwar amarya har guɗa ta yi. Jiya ta aiko ƙaramin yaro da hoton a leda, ko gaisuwa babu. Mayafin da yake ja kamar garwashi ya koma kalar ruwan wanke-wanke, wani gefen ma toka-toka. Goron ne ya ɗan tsaya, shi ma ya yi duhu. Sati uku kacal. Ina na kuskure? Akwai gyara, ko in mayar musu da kuɗinsu kawai?

Awudu Fenti: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, abin sha kika ba bango, bango ya shanye abinsa. Me ya rage a tambaya?

Memuna: Yaya Awudu ka bar dariya mana, yarinya tana cikin damuwa. Hajara, a ina suka rataye shi?

Hajara Aboabo: Yaron ya ce a falo, daidai taga. Rana tana bugunsa tun hantsi. Kuma ban sa gilashi ba, don na ga launin ya fi fitowa haka.

Baba Salifu Alabar: 'Yata, zan faɗa miki magana ba don in ɓata miki rai ba. Kuskuren ba a sobolo yake ba. Kuskuren shi ne kin koyi aski a kan wanda ya biya kuɗi. Amarya sau ɗaya take zama a lalle. Wannan hoton jikokinta ne za su nema. Mu da muka tashi a sana'ar nan, kafin maigida ya bar ka ka taɓa hoton mutane da launi sai ka shekara kana ɓata waɗanda aka zubar a kwandon shara. Shafa launi kan baƙi da fari ai ba sabon abu ba ne, mun yi shi har hannu ya gaji. Auduga muke naɗawa a kan tsinken ashana, a tsoma a launin da aka yi don hoto, a goge a bayan hannu har sai ya kusa bushewa, sannan a taɓa zanen mace ko jar dara. Fuska ba a taɓa ta sai kaɗan. Ina da guda a shago da na yi wa wani alhaji kafin a haifi uwarki, koren rawaninsa yana nan. Ki mayar da kuɗi, ki je da ƙafarki ki ba da haƙuri. Kada ki aika yaro kamar yadda ta yi.

Hajara Aboabo: Na ji Baba, na gode. Zan je. Amma ina so in san dalili, don a zane yana kama jiki. Akwai farar rigata da sobolo ya zuba wa tun azumi, har yau tabon bai fita ba.

Nasiru Tek: Tambayar nan ita ce mai amfani, Yaya Hajara. Da izinin Baba. Launi iri biyu ne, kuma mu a Hausa duk kala muke ce musu shi ya sa ake ruɗewa. Akwai wanda yake narkewa a ruwa ya shiga jikin abu, wato rini. Sobolo, kurkum, ruwan ganye, duk nan suke. Akwai kuma wanda gari ne, ba ya narkewa, sai an haɗa shi da abin da zai manna shi, kamar jar ƙasa ko baƙin tukunya. Jan sobolo rini ne mai rauni, hasken rana yana karya shi a hankali har ya zama babu. Rigarki tana cikin akwati ko ana wanke ta a shanya na awa biyu, hoton kuwa kullum yana fuskantar taga. Wancan gefen da ya yi toka kuma wani ciwo ne daban. Jan sobolo ba ya shiri da duk abin da yake da halin kanwa. Takardun yanzu da yawa ana sa musu garin alli don su yi fari, to shi ma ya isa ya juya launin.

Memuna: Wannan kam ko ni da ban shiga jami'ar Tek ba na sani. Shekara goma sha ɗaya ina dafa sobolo na sayarwa. In ka matsa lemun tsami ya ƙara ja ya yi haske. In ɗan gutsuren kanwa ya faɗa ciki ya koma shuɗi-shuɗi, ka ƙara ya zama kore mai datti, ka zubar kawai. Akwai ranar da yarinyata ta juya min da ludayin da aka taɓa kanwa da shi, bokiti guda na yi asara. Da kin tambaye ni Hajara, ga ni bayan gidanku.

Hajara Aboabo: Inna Memuna ai kunya ta hana, kada ki ce ina wasa da abinci.

Awudu Fenti: To ai wasa da abincin ne. Ni ban gane wannan sabon yayi ba. Ga fenti a kasuwa, gwangwani-gwangwani, wanda masana suka zauna suka haɗa don ya jure rana. Ni a Suame Magazine, unguwar makanikai, rubutun bayan trotro nake yi. Motar nan za ta yi Tamale ta dawo, ta sha ƙurar hunturu, ta sha ruwan Yuni, yaran mota su wanke ta da omo kullum, rubutun yana nan. Maigidana da ya koya min aiki yana cikin masu zanen tallan bidiyo a shekarun 1980 da 1990. Buhun fulawa ake farkewa a ɗinke biyu, a zana da fentin mai, a naɗe kamar tabarma a yi ta yawo da shi ƙauye-ƙauye tare da janareta da talabijin. Waɗanda suka tsira yau Turawa ne ke rububinsu. Sun tsira ne don an yi su da abin da yake tsira. Aikin da ba zai kai wata ɗaya ba sunansa ado, kamar lalle.

Nasiru Tek: Yaya Awudu, da bakinka ka kawo hujjata. Buhun fulawa! Wane masani ne ya ce a yi zane a buhun fulawa? Babu kuɗin kyallen zane ne, wani ya gwada, ya yi. Da ya tsaya jiran abin da aka haɗa a kamfani da babu wannan tarihin da kake alfahari da shi. El Anatsui, wanda a makarantarmu ta nan Kumasi ya yi karatu, marfin kwalba yake daddaƙewa ya ɗinke da wayar tagulla, a 2023 aikinsa ya cika babban zauren Tate Modern, gidan nuna zane-zane a Landan. Ibrahim Mahama ɗan Tamale, shi ma ɗan Tek ne, tsoffin buhunan koko da na gawayi yake haɗawa ya lulluɓe gini sukutum. Amoako Boafo burushi ya ajiye, da yatsa yake shafa fentin fatar mutum. Kowannensu akwai ranar da wani ya ce masa wasa yake yi.

Awudu Fenti: Ɗan makaranta ke nan, an fara jero sunaye. Waɗannan duk ɗakin sanyi ake sa kayansu, da mai gadi da igiya kada a taɓa. Kai min ɗaya daga cikinsu falon Sawaba, daidai taga, yara suna shiga suna fita. Kuma ka lura, marfin kwalba ba ya koɗewa. Boafo ɗin ma yatsa kawai ya canza, fentin na mai ne irin nawa. In misali kake so na kusa, ga Kwame Akoto nan a Suame, mai Almighty God Art Works. Daga allon aski da na shago ya fara, har yau fentin gwangwani ne, kuma an kai aikinsa Turai. Ya gwada abubuwa iri-iri amma bai taɓa sayar wa mutum abin da zai gudu ba.

Nasiru Tek: Wannan na yarda. Ban ce a sayar ba, na ce a gwada.

Awudu Fenti: To ita sayarwa ta yi.

Hajara Aboabo: Na amsa laifina tun ɗazu, Yaya, kada a rataye ni daidai taga ni ma.

Fusaini Nima: Gaisuwa daga Ankara, babban birninmu. Ni fa ina ganin kuna wahalar da kanku. Duk wannan jan da take nema minti biyu ne a waya. Ki zaɓi mayafin, ki ƙara masa ja yadda kike so, ki kai a buga. Prince Gyasi da iPhone ya fara ɗaukar yaran Jamestown, launukansa kamar za su tsone maka ido, shi ne har ya ɗauki kalandar Pirelli ta 2024. Ba sobolo ba goro. Ni gwajin da nake yi yanzu ma da dumso nake yinsa. In sun ɗauke wuta sai in kafa kyamara a kan benci, in bar idonta buɗe sakan ashirin, ƙanina ya tsaya cak, ni kuma in zagaya shi da tocila. Ni ba na fitowa saboda ina motsi kuma baƙaƙen kaya na sa, sai zaren haske kawai. Ran nan na rubuta sunansa a iska, ya fito a juye, sai da na koyi rubutu daga baya kamar a madubi.

Baba Salifu Alabar: Ɗana Fusaini, wannan na tocila ya burge ni, turo mu gani. Amma kada ka ce waya ta gama komai. Hoton da aka buga a ƙaramar firinta ta tawada shi ma rini ne, ka sa shi a rana ka ga yadda fuska za ta koma kore. Na sha karɓar irinsu a kawo min gyara. Ko hotunan kala na farko haka suka yi mana. James Barnor, mai Ever Young na Jamestown, shi ya dawo daga Ingila wajen 1970 ya kafa wurin wanke hoton kala na farko a ƙasar nan. Daga nan kowa ya raina baƙi da fari. Yau ka buɗe akwatin kowace tsohuwa a zango, na kalar sun koma jajaye kamar an jiƙa su a manja, baƙi da farin kakanta yana nan garau.

Kuma ku yaran nan kuna gani kamar ku kuka fara dabara. Kun san akwatin jira-ka-karɓa? Katako ne mai ƙafa uku, da hannun riga a gefe. Cikinsa akwai ƙananan kwanoni biyu na magani. Mutum ya zauna a benci, bayansa baƙin kyalle, ka cire marfin ido ka ƙirga a zuci ka mayar. Ka zura hannu cikin hannun rigar nan ka wanke takardar da lalube, ba ka ganin komai sai ta wata 'yar taga mai jan gilashi. Abin da zai fito baƙi ya zama fari, fari ya zama baƙi. Sai ka manna shi jiƙe a ɗan allo gaban ido, ka sake ɗaukar hoton hoton, sannan mutum ya fito daidai. A ɗauraye a bokiti, a yanka da almakashi, ya tafi da abinsa yana kaɗawa ya bushe. A tsakanin nan, in mutum ya yi duhu da yawa, akwai jan ruwa da muke shafawa a fuskar ta farkon don ta fito da haske. Waɗansu har roƙo suke a ƙara. Sai kuma labulen baya. Philip Kwame Apagya na Shama ya yi suna da shi: a zana firiji a buɗe cike da kaya, ko talabijin, ko matakalar jirgin sama, mutum ya tsaya ya miƙa hannu kamar nasa ne. Zane da hoto tare suke tafiya a ƙasar nan tun kafin a haife ku.

Issaka: Ni ina da tambaya ko da za ta ɓata hira. Hoton kyamara an ce kamar madubi ne, to. Amma in mutum ya ɗauki burushi ya ƙara da hannunsa kan surar mai rai, bai shiga abin da aka hana ba? Malam Tanko yana nan?

Malam Tanko Asawase: Ina nan, ina karantawa. Malam Issaka, hadisan da suka yi magana kan masu sura sanannu ne kuma ingantattu, babu mai wasa da su. Inda malamai suka rabu shi ne me ya shiga ciki: mai inuwa kamar gunki kawai, ko har na takarda, kuma ina matsayin na kyamara. Mu a Malikiyya an fi tsanantawa kan mai inuwa cikakke. Ba zan yanke hukunci a zauren da rabinsa barkwanci ne ba. Ka same ni bayan la'asar, ko ka tambayi malamin da kake ɗaukar karatu a wurinsa. Hajara dai mayafi da lallen hannu ta yi wa launi, ba ta ƙera fuska ba.

Abin da ya sa na sa baki daban ne. Kuna ta zuwa Landan, ga amsa a makarantar allo. Tawadarmu me ake sa mata? Baƙin gindin tukunya ko garin gawayi mai laushi, da ƙaro, da ruwa. Shi ke nan. Akwai takardun kakana a gafaka, sun haura shekara ɗari, takardar ta yi ja ta fara karyewa a baki-baki, rubutun kuwa baƙi wuluk kamar jiya. Rana ba ta cin gawayi. Abokin gabarta ruwa ne, shi ya sa ake iya wanke allo. Akwai wata tawadar kuma da ake jiƙa bagaruwa a haɗa da ƙarfe mai tsatsa, irin baƙin da dukawa suke sa wa fata. Ita ruwa ba ya ɗauke ta da sauƙi, sai dai in ta yi ƙarfi tana cin takarda da daɗewa. Na ga shafin da haruffan suka huje kamar an bi su da allura. Masu zayyanar allon sauka ma ai launi suke haɗawa, kuma ƙaro ne yake riƙe musu shi.

Nasiru Tek: Allah ya ƙara wa Malam lafiya, abin da na yi ta kewaye-kewaye a kai ke nan. Gawayi gari ne, ƙaro ne mai mannawa. Fentin ruwa na kanti mai tsada ma da ƙaro ake haɗa shi, wannan dai na bishiya da muke saya a kasuwa. Kuma abin da ya sa goron Yaya Hajara ya tsaya, yana da irin baurin da yake cikin bagaruwa. Ba ya gudu, duhu yake ƙarawa, kamar haƙoran mai cinsa.

Hajara Aboabo: To in na sa ƙaro a sobolo zai tsaya?

Nasiru Tek: A'a. Zai manne da kyau ya yi sheƙi, amma rana za ta cinye shi a manne. Ja mai tsayawa sai ƙasa.

Zenabu: Ni daga arewa aka kawo ni aure, bari in faɗi abin da na gani da idona. A Sirigu mata ne suke zanen bango, ja da baƙi da fari, duk daga ƙasa da dutse. In sun gama sai su dafa ɓawon ɗorawa su yayyafa ruwan a kai, ya riƙe launin ya hana ruwan sama wanke shi. Hausawa ai makuba muke ce masa, wanda ake daɓe da shi. Kuma ba sai kin je can ba. Tsoffin gine-ginen Asante, irin na Besease kusa da Ejisu, ƙasan bangon jar ƙasa ce aka goge har tana sheƙi, saman farar ƙasa. Jar ƙasa kuwa duk inda ake gyaran hanya a garin nan a banza take. Fari kuma ga ayilo, farar ƙasar nan, a kasuwar Kejetia.

Awudu Fenti: Yanzu kuka zo inda zan saurara. Jar ƙasa tsatsar ƙarfe ce, abin da yake cikin jan fentin da muke fara shafa wa ƙofar ƙarfe ke nan. Wannan ba ya koɗewa, na shaida. Amma ba za ta ba ki jan sobolo ba, ƙanwata. Jan bulo za ki samu.

Hajara Aboabo: Mayafin na ainihi ma ja mai duhu ne, ni ce na ƙara masa wuta. Yaya ake tace ta? Na taɓa gwadawa ta yi min tsakuwa-tsakuwa a takarda.

Zenabu: Ba tankaɗe ake tsayawa ba. Ki daka, ki tankaɗe, ki zuba a bokiti da ruwa mai yawa ki dama sosai. Ki ƙirga kamar talatin, yashi zai kwanta. Ki tsiyaye jan ruwan nan na sama a wani kwano, ki bar na ƙasan. Kwanon ya kwana. Da safe za ki ga ruwa garau a sama, laka mai santsi a ƙasa kamar kullun koko. Ita ce kayanki. Ki shanya ta ta bushe ki ajiye a kwalba.

Malam Tanko Asawase: Ƙaron kuma ki zaɓi farare masu haske, ki jiƙa su kwana ɗaya ki tace da kyalle. Kada ya yi yawa, in ya yi yawa yana tsagewa ya ɓanɓare. Ɗigon zuma yana sa ya yi laushi. Ki jefa kanumfari biyu a kwalbar, damshin Kumasi ba ya barin abu, kwana uku sai ki ga furfura a kai.

Baba Salifu Alabar: Kuma a sa gilashi. Kyankyaso yana son ƙaro kamar me.

Nasiru Tek: Kafin a watse, ina roƙon kada a zubar da sobolon. Wannan koɗewar da ta kunyata Yaya Hajara, akwai masu neman ta da gangan. Tun 1842 John Herschel na Ingila ya rubuta yadda ake hoto da ruwan furanni. Ki shafe takarda duka da sobolo, shafi uku, tana bushewa a inuwa. Ki ɗora ganye a kai, ko hoton da aka buga a farar roba mai nuna ta baya, ki danne da gilashi ki kai rana. Inda rana ta samu zai koɗe, inda aka rufe zai zauna ja. Rana ce take zanen. Sobolo yana cin kwanaki, kurkum kuwa in an jiƙa shi a sifirit na asibiti aka tace, wuni ɗaya ya isa a rana mai kyau. In kin ɗauraye na kurkum da ruwan kanwa kaɗan, rawayan zai koma ja-ja ya ƙara fitowa. Na yi da ganyen gwanda a ɗakinmu na makaranta, har jijiyoyin ganyen sun fito.

Awudu Fenti: Sannan a rataye shi ina?

Nasiru Tek: Ba a ratayewa. A littafi ake ajiye shi, a buɗe a duba a rufe. Ko a ɗauke shi a kyamara a buga.

Awudu Fenti: Hoton da yake tsoron rana kamar jemage. Allah ya kyauta. Amma ka turo na gwandar in gani.

Baba Salifu Alabar: Ku bar gardama, abu ne mai sauƙi. Hajara, ki sami ragowar takardar da kika yi aikin da ita. Ki ja layi-layi da kowane launi, ki rubuta sunansa da fensir. Ki rufe rabin kowane layi da kwali ki manne, ki kafa a tagar da ta fi shan rana. Bayan sati biyu ki ɗaga kwalin. Haka maigidana yake yi wa duk sabon launin da ɗan kasuwa ya kawo masa da daɗin baki. Har fentin Awudu ki sa a ciki.

Awudu Fenti: A sa. Zan aiko da ɗan kaɗan a marfin kwalba.

*Bayan kwana goma sha shida*

Hajara Aboabo: Salam. Na ɗaga kwali yau da safe, ga hoton takardar na turo. Layi takwas na ja. Sobolo zalla: rabin da ya sha rana kusan babu, sai inuwa. Sobolo da lemun tsami: ya fi kyau a ƙarƙashin kwali, amma a rana shi ma ya tafi. Sobolo da ƙaro: kamar yadda Nasiru ya faɗa, sheƙi yana nan, launi ya gudu. Kurkum ko kwana uku bai yi ba, tun ina leƙawa na ga ya ɓace. Goro ya ƙara duhu a gefen rana. Jar ƙasa, tawadar Malam, da fentin Yaya Awudu, in ba don alamar fensir ba ba za ka san inda kwalin ya tsaya ba. Sai dai fentin ya zagaye kansa da tabon mai a takardar, har ya fito ta baya.

Awudu Fenti: Ai ba don takarda aka yi shi ba. Amma dai bai koɗe ba, a rubuta.

Hajara Aboabo: An rubuta. Na je Sawaba kamar yadda Baba ya ce, da kuɗin a ambulan. Hajiyar ta bar ni tsaye a tsakar gida sai da ta gama tankaɗe, sannan ta ce in zauna. Ta ƙi karɓar kuɗin. Ta ce ita hoto take so, kuma irin na farkon, mai launin hannu, don duk wanda ya shigo sai ya tambaya wa ya yi. Na sake wankewa, na bi mayafin da jar ƙasar da na ɗebo a bakin hanyar Kenyase, na haɗa da ɗan baƙi a lungun ninki. Bai kai na farko ɗaukar ido ba, gaskiya. Ya fi kama da mayafin da ta sa ranar. Tsohon kuma na roƙa ta bar min.

Memuna: Me za ki yi da shi?

Hajara Aboabo: Na rataye shi a tagata, Inna. Ina ɗaukarsa a waya kowace Juma'a in ga inda zai tsaya. Gefen da ya yi toka ya fara yin wani kore-kore da ban san sunansa ba.

Nasiru Tek: Kada ki motsa shi daga wurin, kuma ki riƙa ɗauka a lokaci ɗaya. Ina so in nuna wa malaminmu in sun kai goma.

Baba Salifu Alabar: Sabon, kin sa masa gilashi?

Hajara Aboabo: Yana wurin mai firam, Baba, gobe zan karɓo.

Baba Salifu Alabar: Ki ce ya sa siririn kwali tsakanin gilashin da hoton, kada su haɗu, in damina ta zo ƙaro zai manne. In kin karɓo ki biyo ta Alabar in gani kafin ki kai. Ki taho min da jar ƙasar nan kaɗan, akwai hoton mahaifiyata da nake so in taɓa wa ɗankwali.